Filayar bidiyo a filasha da shiga kwamfutar shago daga nesa a kan Linux

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne da walima da saukar karatu, shagona yana Zariya. Wata uku da suka wuce na cire Windows daga kwamfutar shago na saka Linux Mint saboda bairos ya ishe ni, kullum filashar kwastoma sai ta kawo min wani abu. Ina da tsohuwar laftof HP EliteBook 8470p ita ma na sa mata Mint. Matsalata biyu ce. Ina son filayar bidiyo da zan riƙa yawo da ita a filasha kamar yadda nake yi da VLC a Windows, in soka a kowace kwamfuta ta yi aiki ba sai na yi insitol ba. Sannan idan na yi tafiyar aiki ƙauye ko Kaduna ina son in shiga kwamfutar shago daga laftof ko waya in nuna wa mai biki bidiyonsa. Na gwada wata manhaja, ta haɗa, amma bidiyon yana tsinkewa, babu sauti, data kuma ta ƙare nan da nan. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka daidai abu biyu ka tambaya, filayar da za ta zauna a filasha da kuma hanyar taɓa kwamfutar shago kana wani gari, amma ni abin da na hango a ƙarƙashinsu guda ɗaya ne, wato bidiyon ya iso gaban mai biki ya kalla lafiya lau da sautinsa. Ka riƙe wannan a ranka don a kansa zan gina amsar. Yawancin aikin da nake yi wa shaguna da makarantu a kan Mint ne da Ubuntu, saboda haka umarnin da zan kawo na dangin Debian ne, mai Fedora ko Arch zai tarar sunayen kunshin sun ɗan bambanta.

Me ya sa VLC na filasha bai zo da sauƙi a Linux ba

A Windows, VLC yana tafiya da guzurinsa gaba ɗaya a folda guda, har da kodek, wato ɗan abin da ke warware bidiyon da aka matse ya mayar da shi hoto da sauti. Shi ya sa in ka kwafi foldar zuwa filasha take aiki ko'ina. Linux kuwa tsarin gandu gare shi, rumbu ɗaya kowa ke ɗiba. VLC ɗin da ka sauke a Mint bai zo da kodek nasa ba, yana dogara ne da waɗanda ke cikin tsarin, mafi yawansu na FFmpeg ne, aikin da Fabrice Bellard ya fara a 2000, kuma daga rumbun nan filayar mpv da manhajar tace bidiyo ta Kdenlive da sauransu ke ci. Shi kansa VLC ɗalibai ne suka faro shi a makarantar École Centrale Paris ta ƙasar Faransa a 1996, aka sake shi kyauta ga kowa a 2001. Toh kaga in ka ɗauki fayil ɗin VLC shi kaɗai ka kai wata kwamfutar, ka raba shi da rumbunsa, ba zai tashi ba.

Abin da ya fi kusa da wanda ka saba shi ne AppImage. Fayil ɗaya ne da aka cusa manhajar da duk abin da take buƙata a ciki, ka ba shi izinin aiki da chmod +x sai sunan fayil ɗin, ka danna sau biyu ya buɗe. Har ma in ka ƙirƙiri folda kusa da shi mai suna iri ɗaya ka ƙara .home a ƙarshe, duk saitinka a nan zai riƙa zama ya bi ka duk inda filashar ta je. Sai dai wuri uku nake ganin mutane na tuntuɓe. Filashar da aka yi wa fomat ɗin FAT32 ba ta san izinin aiki irin na Linux ba, ka yi chmod sau goma ba abin da zai canza, dole ka kwafo fayil ɗin cikin kwamfutar tukuna ko ka ware wa filashar wani sashe na ext4. Sai kuma FUSE, wato abin da ke buɗe cikin fayil ɗin AppImage ya yi aiki, yawancinsu suna neman kunshin libfuse2, Ubuntu kuma tun daga 22.04 ba ya zuwa da shi, a 24.04 ma sunan ya koma libfuse2t64. In ba intanet a wurin ka kira fayil ɗin da --appimage-extract ya zazzage kansa cikin folda, ka shiga ka kunna AppRun. Na ukun shi ne wanda aka haɗa a sabon Linux ba lallai ya tashi a tsoho ba, za ka ga yana kukan GLIBC, wannan kuma ba shi da magani sai neman wani.

Akwai kuma maganar amana. VideoLAN, masu VLC, ba AppImage suke bayarwa a shafinsu ba, waɗanda ke yawo wasu mutane ne daban suka haɗa, akwai na kirki akwai wanda ba ka san hannun da ya bi ba. Kai da bairos ya koro daga Windows bai kamata ka riƙa kwaso fayil a kowane shafi kana ba shi izinin aiki ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce ba na jin kana buƙatar wannan wahalar sosai. Kwamfutocin da za ka tarar a gidajen kwastomomi kusan duk Windows ne, AppImage kuma ba ya aiki a Windows ko kaɗan, don haka tsohon VLC Portable ɗinka na PortableApps ka mayar da shi filasha, shi ne zai yi maka aiki a can. Naka injinan guda biyu kuwa ka yi sudo apt install vlc mpv sau ɗaya an wuce wurin, Mint ma da Celluloid yake zuwa wanda mpv ne aka sa wa riga. In data kake tausayi, kafin ka saka a ta farko ka yi sudo apt-get install --download-only vlc, fayilolin za su taru a /var/cache/apt/archives, ka kwashe su a filasha ka kai ɗayar ka yi sudo apt install ./*.deb a cikin foldar. Sharaɗin kawai su zama bugun Mint iri ɗaya.

Filashar kanta ka mayar da ita exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, bidiyon biki ɗaya kuma ka fi ni sanin yana wuce haka. Linux ya karɓi exFAT a cikin zuciyarsa tun bugu na 5.4 a 2019, Windows ma na karanta shi ba gardama. Ni abin da ke aljihuna filasha ce mai Ventoy, manhajar da ke sa a iya tada kwamfuta daga filasha, ita dama exFAT take yi wa babban sashen, na jefa ISO na Mint, wato fayil ɗin insitol ɗinsa, a ciki tare da bidiyoyi da VLC na Windows, in na tarar da kwamfutar da ta cika da bairos sai in tashe ta daga filashar in yi abin da ya kawo ni ba tare da na taɓa hadis ɗin mai ita ba.

Wani tsinkewar ba laifin filaya ba ne

Tunda ka ambaci 8470p bari in ja hankalinka kan wani abu da zai same ka ko ba jima. Furosesanta Intel ne ƙarni na uku, na 2012. Yana da sashe na musamman da ke warware H.264 ba tare da ya yi gumi ba, amma H.265 da ake kira HEVC sai a 2013 aka kammala shi, Intel kuma sai a ƙarni na shida ya sa masa cikakken sashe, mai launi 10-bit ma sai na bakwai. Wayoyin iPhone da jirage marasa matuƙi da sababbin kyamarori da yawa da HEVC suke ɗauka. Idan ka ɗora wa laftof ɗin nan 4K na HEVC, ɗaukar Dala ba gammo ka sa ta, fanka za ta yi ta ihu hoton na tsayawa, ka canza filaya goma duk ɗaya ne. A VLC ka danna Ctrl da J ka ga kodek ɗin fayil, a mpv harafin i. Ka saka vainfo da i965-va-driver, ka rubuta vainfo a tamina zai jero maka abin da injin ke iya warwarewa da kansa, sannan a cikin ~/.config/mpv/mpv.conf ka rubuta hwdec=auto.

Maganin da nake ba masu sana'a irin taka shi ne duk aikin da aka gama a fitar masa da ƙaramin samfur na nunawa. Umarni ɗaya ne:

ffmpeg -i biki.mov -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -crf 23 -c:a aac -movflags +faststart samfur.mp4

Ya rage girman zuwa 720, ya mayar da shi H.264 wanda kowace waya da talabijin ke ci, faststart ɗin kuma yana sa bidiyon ya fara wasa tun kafin ya gama saukowa, zai yi maka amfani a gaba. In tamina ba ta kwanta maka ba HandBrake na yin wannan aikin da linzami.

Abin da ya cinye maka data

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Manhajar shiga kwamfuta daga nesa hoton allon take ɗauka ta aiko maka, kuma wayonta shi ne wurin da ya canza kawai take turowa. In rubutu kake yi ko buɗe folda ɗan wuri kaɗan ne ke motsi, shi ya sa take tafiya sumul ko a raunin sabis. Bidiyo kuwa kowane ɗigo na allon yana canzawa sau 25 ko 30 a daƙiƙa. Yi lissafin da kanka, 1920 sau 1080 ya ba ka ɗigo 2,073,600, kowanne bait 3, hoto ɗaya ya haura megabait 6, sau 25 ya kai wajen megabait 155 a daƙiƙa guda kafin a matse. Shi kuwa fayil ɗin bidiyo na awa 2 mai gigabait 1.5, in ka raba bai kai megabit 2 a daƙiƙa ba, domin an zauna an matse shi a tsanake. Abin da ka yi shi ne ka sa kwamfutar shago ta kwance ƙullin da aka yi da kyau, ta sake ƙulla shi a gurguje, ta turo ta layin da dama ƙarfin turawarsa bai kai na saukewa ba. Ga shi data biyu ke ƙonewa lokaci guda, ta shago da ta hannunka. Rashin sautin kuma in VNC ce ka gwada, wata tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, haka take, asalin tsarinta hoto da linzami da kibod kawai yake ɗauka. Wasu hanyoyin irin RDP da RustDesk suna kawo sauti, amma ba su kawar da matsalar farko ba.

Saboda haka fayil ɗin za ka jawo, filayar da ke hannunka ta kunna shi. A kwamfutar shago ka yi sudo apt install openssh-server, shi kenan ka samu SFTP, hanyar jawo fayil daga wata kwamfutar a ɓoye. A laftof ka buɗe Nemo, mai nuna foldodin Mint, ka rubuta sftp:// da adireshin kwamfutar shago, foldodinka za su bayyana kamar filasha ka soka. VLC na Android ma yana shiga SFTP da SMB kai tsaye daga sashen netiwok ɗinsa. In sabis na rawa kar ka kunna kai tsaye, ka jawo da rsync -P, in ya yanke ka sake bugawa ya ɗora daga inda ya tsaya, wannan kaɗai ya sha ceton dare na a wuraren da sabis ke zuwa yana tafiya. Jellyfin, manhajar da ke jera bidiyoyinka ta turo su duk inda kake, ma yana nan in kana son abu mai kyan gani da hotuna da jeri, yana zama a ƙofa ta 8096, sai dai in ya ce zai sauya bidiyo nan take tsohon inji zai sha wuya, samfur ɗin 720 ɗin nan shi ke raba ka da wannan.

Yadda za ka iso shagon tun farko

Duk wannan sai in laftof ɗinka na iya ganin kwamfutar shago, kuma a nan ne yawancin bayanan da ke intanet ke ɓatar da mutanenmu, don za su ce ka buɗe ƙofa a rauta ka nemo adireshinka na waje. Adireshin IPv4 a duniya bai wuce biliyan 4.3 ba, ya yi kaɗan, saboda haka kamfanonin layin waya suna tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗaki ɗari da zaure ɗaya ba lamba a ƙofofi, kai kana iya fita aike ka dawo, amma baƙo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Ka duba shafin rauta ko MiFi ɗinka, in adireshin wajen ya fara da 10 ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, a gidan hayar kake, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi komai ba.

Abin da nake sakawa mutane shi ne Tailscale. An gina shi a kan WireGuard, wanda ya shiga zuciyar Linux a bugu na 5.6 a 2020. Ka saka a kwamfutar shago da laftof da waya, ka shiga da asusu ɗaya, kowanne ya samu adireshin da ya fara da 100 wanda ba ya canzawa, su riƙa ganin juna a ɓoye kamar a ɗaki ɗaya suke. Ka shiga shafinsu ka kashe ƙarewar makulli ga kwamfutar shago, in ba haka ba bayan kwana 180 za ta nemi a sake shiga kana can wani gari. Ka kuma riƙa duba tailscale status, in ya nuna direct kai tsaye kuke magana, in relay ne ta tashar kamfanin kuke zagayawa kuma zai fi nauyi. In kana son buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, ya kamata ka sani, ɓangaren da ke kan Linux ɗinka a buɗe yake, uwar garken da ke haɗa ku ta kamfanin ce, mai son riƙe komai da kansa sai ya kafa Headscale, amma wannan sai da hayar saba, wato uwar garke.

Ganin allon kansa har yanzu yana da amfani, ka sa Kdenlive ya fara fitar da aiki, ka nemo fayil ɗin da ka manta inda ka ajiye, ka duba ko an gama. Mafi sauƙi RustDesk, buɗaɗɗiya ce ba kamar AnyDesk da TeamViewer ba, kuma tana da saitin shiga ta adireshi kai tsaye wanda in ka haɗa da Tailscale ba ka buƙatar tashar kowa. Mint Cinnamon har yanzu a kan X11, tsohon tsarin nuna allo na Linux, yake tafiya, don haka x11vnc ma na aiki, yana nuna maka ainihin allon da ke shago, ka buɗe shi da Remmina a laftof. Wanda ke Ubuntu na yanzu sabon tsarin Wayland gare shi, x11vnc ba zai yi ba, sai ya kunna RDP ɗin da ke cikin saitin GNOME tun 22.04. Shi kuma xrdp sabon zama yake buɗe maka daban, in yaron shago ya riga ya shiga da sunan da kake son shiga da shi baƙin allo za ka gani, maganin ka ƙirƙiri wani mai amfani na musamman don shiga daga nesa.

Don Allah ko da wata rana ka samu layi mai adireshin kansa, kar ka buɗe ƙofar VNC ta 5900 ko ta RDP ta 3389 ga duniya. Tsohon tsarin kalmar sirrin VNC harafi 8 na farko kawai yake dubawa, kuma akwai injinan da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofin. Abin da ke cikin hadis ɗinka ba naka ba ne kai kaɗai, bidiyon kamu ne da wunin mata da iyalan mutane da suka yarda da kai suka bari ka shiga da kyamara, in ya fita ba a mayar da shi. Haka nan ka gargaɗi yaron shago, duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar RustDesk ko AnyDesk wai zai gyara wani abu, ya kashe wayar ya kira ka.

Wuta

Iyakar duk abin da na faɗa ita ce babu manhajar da ke shiga kwamfutar da ke kashe. Na taɓa haɗa wa wani mai situdiyo komai, muka gwada ya yi, ya kama hanya, kafin ya isa kwamfutar ta yi barci don ban kashe mata wannan saitin ba, shago kuma a kulle har washegari. Tun ranar nake bin abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. A saitin wuta na Mint ka hana ta barci gaba ɗaya, allo kawai ya riƙa mutuwa. A BIOS ka nemo wurin da aka rubuta After Power Loss ko Restore on AC Power Loss ka sa shi a Power On, in an ɗauke wuta aka dawo da ita ta tashi da kanta. A saitin Wi-Fi ka yarda duk masu amfani su hau layin, don ta haɗu da intanet tun kafin wani ya sa kalmar sirri. In ka rufe hadis ɗin gaba ɗaya da makulli lokacin insitol, za ta tsaya tana jiran a buga shi da hannu, ka san da wannan. Rauta kuma ka ɗora ta a ƙaramin batir ko inbata.

In ƙauyen da za ka ba sabis, duk wannan bai taso ba, samfur ɗin da ka kwafa a filasha kafin ka fito shi ne zai fitar da kai, shi ya sa nake son ya zama al'adarka duk aikin da aka gama. Kafin tafiyar farko ka zauna a shagon, ka kashe Wi-Fi na wayarka ka hau datarta, ka buɗe samfur ɗaya ta VLC ka ja shi gaba ka ja shi baya. Sannan ka rufe duk aikin da ke buɗe, ka zare wayar wutar kwamfutar daga soket, ka mayar, ka rungume hannu kar ka taɓa komai, ka ga minti nawa za ta ɗauka kafin ta sake bayyana a Tailscale. In ta ƙi bayyana ka turo min abin da systemctl status tailscaled ya rubuta tare da na vainfo, mu duba tare.